Sarin kayan Sallah a Santambul: Yadda falke zai taka ƙasa idan dusar ƙanƙara ta rufe gari

Duk ɗan kasuwar da ke saro tufafi, takalma ko jakunkuna daga ƙasar Turkiyya ya san cewa kayan Sallah ba a cikin azumi ake zuwa nemansu ba. Tun da sauran wata guda ko biyu a ga watan Ramadan ya kamata a ce kaya sun baro Santambul, wato Istanbul, domin su iso Maraɗi, Ƙonni, Damagaram ko Gaya, su kuma tsallaka Jibiya, Illela, Maigatari da Kamba kafin masu sayen ɗai-ɗai su fara zarya a bakin rumfa. Wanda kayansa suka iso bayan an sauko daga Idi kuwa, ya san irin kwantan da ke jiransa.

To, juyin kalanda ya kawo mu wani zamani da ya kamata fatake su yi wa shiri na musamman. Ƙaramar Sallah ta 2025 a ƙarshen watan Maris take, ta 2026 wajen 20 ga Maris, ta 2027 kuma wajen 10 ga Maris, haka za ta yi ta matsowa da kwana 10 ko 11 a kowace shekara. Ma'ana, a 'yan shekarun nan lokacin sari zai riƙa faɗawa cikin watannin Disamba, Janairu da Fabrairu, waɗanda su ne watannin da dusar ƙanƙara ta fi sauka a Santambul. A ƙarshen 2012, lokacin da jiragen Turkish Airlines suka fara sauka a Yamai, Sallah a cikin damina ake yin ta, don haka da yawa daga cikin Alhazai da Hajiyoyin da suka buɗe wannan hanya a lokacin zafi suka saba zuwa sarin Sallah. Yanzu wani gari dabam za su tarar.

Akasarin masu shirin tafiya sanyi kawai suke tsoro, sai su kashe kuɗi a kan ƙatuwar riga su manta da ƙafa. Alhali kuwa abin da ya fi kwantar da baƙo a wannan gari shi ne santsin ƙasa da jiƙewar ƙafa. Kuma a ranar da dusa ta tsananta, motoci kan tsaya cik, ya zama babu abin hawan da ya rage wa falke sai ƙafarsa da jirgin ƙasa.

Gari ne na hawa da gangara

Santambul birni ne mai mutane sama da miliyan 15, wanda mashigin ruwan Bosforus ya raba gida biyu, ɓangare guda a Turai, ɗayan a Asiya. Tsohon garin, inda kasuwannin sari suka fi yawa, a kan tuddai bakwai aka gina shi. Wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Maraɗi ko Kano, wannan ne abu na farko da ya kamata ya sa a ransa.

Unguwar Laleli, wadda ta yi suna wajen sarin tufafi tun bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, tana gefen babban titin da ake kira Ordu. Daga Aksaray zuwa Beyazit ta wannan titi tafiyar kimanin kilomita ɗaya ce, amma hawa ne. Ƙananan layukan da ke ɓallewa daga titin zuwa kudu kuwa gangare ne har zuwa Kumkapi da Yenikapi a bakin tekun Marmara, kuma a cikin waɗannan layuka ne shaguna, ƙananan otel-otel da ofisoshin kargo masu aika kaya Afirka suke. Gedikpasha, matattarar masu takalma, gangare ne mai tsanani. Haka nan Mahmutpasha, layin da ke sauka daga babbar rufaffiyar kasuwa ta Kapalicarshi zuwa Eminonu, a cikin sunansa ma akwai kalmar "yokush", wadda ke nufin hawan tudu a harshen Turkanci.

A waɗannan wurare mota ba ta da wani amfani sosai ko da lokacin zafi ne, domin layukan matsattsu ne, shagunan kuma a jere suke, wasu a saman bene, wasu a ƙarƙashin ƙasa. Mai sari yakan wuni yana hawa da sauka daga wannan shago zuwa wancan, yana kwatanta farashi. Aikin gaba ɗaya na ƙafa ne.

Dusar da ke narkewa ta sake daskarewa

Dusar ƙanƙara ba irin ƙanƙarar da muka sani ba ce, wadda kan faɗo kamar tsakuwa a farkon damina ta narke nan take. Ita wannan sauka take a hankali kamar audugar rimi, ta taru a ƙasa, wani lokaci har ta kai ƙauri ko gwiwa. A Santambul ba kullum take zuba ba. Takan zo ne na 'yan kwanaki, idan iska mai sanyi daga arewa ta ratso ta kan Bahar Aswad ta kwaso danshi ta juye shi a kan birnin. Akwai shekarar da za a yi ta ƙare ba a ga abin kirki ba, akwai kuma wadda za a sha mamaki. Har yau dattawan garin na tuna dusar watan Maris na 1987, wadda ta tsayar da harkoki na kwanaki da dama.

Sanyin Santambul bai kai na Mosko ba. A watan Janairu, da rana ma'aunin zafi yakan tsaya wajen digiri 8 ko 9, da dare ya sauka wajen 3 ko 4, sai a kwanakin dusa ne yake kai wa sifiri ko ƙasa da haka kaɗan. Sai dai a nan ne haɗarin yake. A digiri sifiri ruwa ke daskarewa, don haka dusar da ta zuba jiya takan narke da rana ta zama caɓi, ruwan ya malala a kan gangare, dare na yi ya daskare ya zama siririyar ƙanƙara mai kama da gilashi. Da safe mutum zai ga titi kamar an ɗan yayyafa masa ruwa ne kawai, sai ya taka ya ji ƙafa ta tafi. Turkawa na kiran wannan "gizli buzlanma", wato ɓoyayyiyar ƙanƙara, kuma hukumomin garin kan yi gargaɗi a kanta duk lokacin ɗari. Ranar da dusa ke zuba, sabuwa tana riƙe takalmi daidai gwargwado. Washegari da safe, bayan dubban ƙafafu sun danne ta dare kuma ya daskarar da ita, lokacin ne aka fi faɗuwa.

Darasin 2017 da 2022

A farkon watan Janairun 2017 dusa ta yi kwanaki tana zuba a birnin, inda aka soke tashin ɗaruruwan jirage, dubban matafiya suka maƙale, aka kuma dakatar da zirga-zirgar jiragen ruwa a mashigin Bosforus. Ranar 24 ga Janairun 2022 abin ya fi haka muni. An rufe sabon filin jirgin saman Santambul, karo na farko tun da aka koma cikinsa a 2019, rufin wani ɗakin ajiyar kargo ya rufta saboda nauyin dusa, fasinjoji suka kwana a ƙasa a cikin filin. A manyan hanyoyi direbobi sun yi sa'o'i a cikin motoci, wasu suka bar su nan suka taka da ƙafa, har aka buɗe masallatai domin mutane su fake. Gwamnan jihar na lokacin, Ali Yerlikaya, ya hana motocin gida hawa titi na wani lokaci domin a samu damar share hanya.

Abin da ɗan kasuwa zai ɗauka a nan shi ne, a irin wannan rana tasi da bas ba abin dogaro ba ne, su ma jiragen ruwan fito akan dakatar da su idan iska ta yi ƙarfi. Jiragen ƙasa ne suka fi jurewa, musamman waɗanda ke bi ta ƙarƙashin ƙasa. Don haka kafin a sauka a birnin a san waɗannan layuka. Jirgin tiram mai lamba T1 yana bi ta tsakiyar titin Ordu, yana tsayawa a Aksaray, Laleli da Beyazit, ya zagaya ta Sultanahmet ya sauka Eminonu, ta ɗaya ɓangaren kuma ya kai Zeytinburnu da Merter, inda manyan dilolin tufafi suke. Jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba M2 yana tashi daga Yenikapi, ya tsaya a Vezneciler kusa da Laleli, ya wuce Taksim da Osmanbey, wata cibiyar ta sari. Shi ne kuma ke kai mutum Gayrettepe, inda tun Janairun 2024 ake iya hawa layin M11 zuwa filin jirgin sama, wanda a 2022 babu shi. Mai son tsallakawa ɓangaren Asiya kuwa ga jirgin Marmaray da aka buɗe a 2013, wanda ke bi ta ƙarƙashin ruwa. Duka da kati guda ake hawansu, wato Istanbulkart, kuma ana saye ana zuba masa kuɗi a injinan da ke tashoshi.

Amma jirgi iyakarsa tasha. Daga tasha zuwa shago, daga shago zuwa ofishin kargo, daga can zuwa masauki, dole a taka.

Takalmi kafin riga

Idan kuɗin shiri kaɗan ne, a fara da takalmi. Sau-ciki mai ƙasan fata ko mai sumul ɗin roba, irin wanda ake ado da shi ranar Juma'a, shi ne babban abokin gaba a kan ƙanƙara. Silifa da fade ba a ma maganarsu. Kambas na yadi yana shan ruwa cikin 'yan mintoci. Abin da ake bukata shi ne but mai rufe idon sawu, wanda ruwa ba ya ratsa shi, mai ƙasan roba mai laushi da zurfin zane kamar tayar babbar mota. A juya shi a duba ƙasan kafin a biya, in zanen ya cinye a ajiye shi komai kyawun samansa, domin araha ba ta ado. A kuma zaɓi wanda ya ɗan fi ƙafa girma, saboda safa mai kauri ta samu wuri. Takalmin da ya matse yana hana jini zagayawa, ƙafa ta fi saurin sandarewa.

Abin sha'awa, irin waɗannan takalma da rigunan sanyi suna nan a kasuwanninmu, cikin dilolin gwanjo da ke shigowa daga Turai, kuma sau da yawa ba su da masu saye sai hunturu ya kama. Gara mutum ya zaɓa a gida ya saka tun daga jirgi, maimakon ya sauka da takalmin ado ya ce sai gobe zai saya, domin tafiyar farko daga tasha zuwa masauki da jaka a hannu tana cikin mafi haɗari.

Game da tufafi, sirrin shi ne a jera su hawa-hawa. Riga ta ciki mai kama jiki, sai suwaita ta ulu, sannan jaket ta waje mai tare iska da ruwa. Iskar da ke maƙalewa tsakanin riga da riga ita ce ke riƙe ɗumin jiki, kuma idan aka shiga shago mai hita ana iya cire ɗaya don kada a yi gumi. Shadda da atamfa auduga ce, ita kuwa auduga in ta jiƙe ba ta saurin bushewa, sai ta manne a jiki ta yi ta zuƙe ɗumi, domin ruwa ya ninka iska sau fiye da 20 wajen janye zafi daga fata. Babbar riga tana kama iska tana kuma hana ganin inda ƙafa za ta sauka. Hajiya mai doguwar abaya ko zane ta tabbata bakinsa bai ja ƙasa ba, ta kuma sa wando mai kauri daga ciki. A haɗa da hular da ke rufe kunne, da safar hannu, da safa ta ulu guda biyu ko uku na canji, ɗaya a cikin leda a aljihu.

Da dare kada a ɗora jiƙaƙƙen takalmi ko safa a kan hitar lantarki, yana jawo gobara. A cusa tsohuwar jarida a cikin takalmin, a ajiye shi nesa kaɗan da wurin ɗumi, kafin safe takardar ta tsotse danshin.

Yadda ake takun

Wanda ya taɓa ratsa taɓo da damina a ƙasa mai yumɓu ya riga ya san rabin karatun. A gajarta taku, a ɗan buɗe ƙafafu, a sassauta gwiwa, a sauke tafin ƙafa gaba ɗaya maimakon a fara da diddige, a kuma ɗan karkata gaba yadda nauyin jiki zai zauna a kan ƙafar da ke ƙasa. Tafiyar agwagwa ke nan, kuma babu abin kunya a ciki, 'yan garin ma haka suke yi. Sannu ba ta hana zuwa.

Hannuwa su kasance a waje. Sanyi kan sa mutum ya cusa hannu a aljihu, to in santsi ya kwashe shi ba shi da abin daidaita jiki. Amfanin safar hannu ke nan. Haka nan a guji tafiya ana kallon salula, in kira ya shigo a raɓe jikin bango a tsaya a amsa. Jakar goyo ta fi jakar hannu, domin nauyi a gefe guda yana karkatar da mutum.

Sannan a san wuraren da suka fi santsi. Akwai tayil da mabul na ƙofar shaguna, otel da harabar masallatai, da murafun ƙarfe na magudanar ruwa da na ɗakunan ƙasa, da layin dogon tiram, da fentin da aka shafa a wurin tsallaka titi, da duwatsun da aka jera a tsofaffin layuka, waɗanda ƙafafu suka goge shekara da shekaru. Matakalar gadar sama da ta shiga tasha su ma haka, don haka a riƙe ƙarfen gefe, a taka ɗaya bayan ɗaya. Gada takan riga sauran titi daskarewa saboda iska na ratsa ta sama da ƙasa. Inda aka ga an rubuta "dikkat", hattara ake nufi, "kaygan zemin" kuma ƙasa mai santsi. Da shiga shago a buga ƙafa a kan tabarmar ƙofa, domin dusar da ta maƙale a ƙasan takalmi tana narkewa a kan tayil ta kayar da mutum a cikin ɗaki.

Ma'aikatan birni kan watsa gishiri domin narkar da ƙanƙara, amma da manyan tituna suke farawa. Saboda haka hanyar da ta fi tsawo ta babban titi ta fi yanke ta cikin lungu. Alal misali, mai son zuwa Eminonu daga Beyazit a safiyar da ƙasa ta daskare, gara ya hau tiram ya zagaya da ya gangara ta Mahmutpasha. A gangare, saukowa ta fi hawa haɗari. In ya zama dole, a bi gefen da rana ta haska, a juya jiki a sauko a kaikaice. A riƙa kuma ɗaga kai lokaci-lokaci, domin dusar da ta taru a kan rufi da rumfunan shaguna takan zamo ta faɗo idan gari ya fara ɗumi.

Motoci, tiram da 'yan dako

A Turkiyya hannun dama ake tuƙi kamar a Nijar da Najeriya, don haka ba a samun ruɗani wajen duba hanya. Abin da ya bambanta shi ne birki. A kan ƙanƙara mota na iya cin nisan da ya ninka na busasshen titi har sau goma kafin ta tsaya. Dabarar nan tamu ta ɗaga wa direba hannu a kutsa a guje ba ta aiki a nan, domin ko ya so tsayawa motar ba za ta ba shi haɗin kai ba, mai gudun kuma yana iya zamewa a tsakiyar titi. A tsallaka a wurin danja, a jira har motar ta tsaya cik. Shi kuwa tiram ba shi da ƙara sosai, ba ya kuma iya kaucewa, ga hula da mayafi sun toshe kunne sun rage gani ta gefe. A juya kai gaba ɗaya a duba dama da hagu.

A layukan Laleli da Mahmutpasha akwai 'yan dako masu tura kura cike da dilolin kaya. Idan ɗayansu ya taho daga sama a kan santsi, nauyin kayan ne ke jan sa. Da an ji ihunsu a matsa jikin bango, kada kuma a tsaya ciniki ko gaisawa a ƙasan gangare inda kura ke saukowa.

Shi ma mai sari kada ya mai da kansa ɗan dako don tsimin 'yan kuɗi kaɗan. Yawancin shaguna sun saba aika kaya kai-tsaye zuwa ofishin kargon da mai saye ya ambata. A karɓi rasiɗi, a rubuta suna a jikin ƙunshin, a kuma nace a naɗe shi da leda mai kauri, domin kwali in ya sha caɓi yagewa yake, ruwan gishirin titi kuma yana ɓata fata da yadi. Tufafin da aka ɗaure da danshi kan iso gida da fumfuna.

Tsara yini

Agogon Turkiyya yana gaban namu da awa biyu, kuma a farkon Janairu rana ba ta fitowa a Santambul sai wajen ƙarfe 8:30 na safe, ta faɗi kafin ƙarfe 6 na yamma. Sammakon da muka saba da shi ba shi da riba a ranar ƙanƙara, domin lokacin ne ƙasa ta fi tauri, gari kuma da sauran duhu. A bari rana ta ɗaga a watsa gishiri, a kuma yi ƙoƙarin komawa masauki kafin sanyin dare ya sake daskarar da abin da ya narke.

Kowace safiya a tambayi ma'aikacin otel abin da hukumar yanayi da cibiyar kula da bala'o'i ta birnin, wadda ake kira AKOM, suka sanar. Gargaɗin yanayi launi-launi ne, rawaya, ruwan lemo da ja, kuma daga ruwan lemo zuwa sama a taƙaita fita zuwa unguwar da ake ciki. A ware wa kowace unguwa yininta, Laleli da Gedikpasha yau, Merter gobe, Osmanbey jibi, maimakon a yi ta tsallake-tsallake. Ranar da dusa ke zuba sosai ta dace da wuraren da ke da rufi, kamar Kapalicarshi mai layuka kusan 60 da shaguna wajen 4,000, sai dai a tuna ba ta buɗewa ranar Lahadi. Masauki kuwa a zaɓi wanda ke kusa da tasha a kan babban titi, ko da ya ɗan fi na cikin lungu tsada.

Sanyi yana saurin cinye batirin salula, har takan mutu alhali da sauran caji. A ajiye ta a aljihun ciki kusa da jiki, a kuma riƙe katin otel mai adireshi a rubuce, domin matambayi ba ya ɓata. Fasfo da kuɗi a sa su cikin leda kafin a sa a aljihu. Duk bayan awa guda ko biyu a shiga wuri mai ɗumi a sha shayi ko miyar adas da ake sayarwa a kusan kowane gidan abinci, a duba safa in ta jiƙe a canza. Wajen alwala, famfunan masallatai da yawa a fili suke, daɓen wurin kuma jiƙe yake, don haka ya fi sauƙi a fito da alwala daga masauki, in an yi a waje kuma a tsane ƙafa sosai kafin a mai da safa. Ana sayar da huffin fata a garin, sunansa "mest".

Idan tsautsayi ya faɗa

Wanda ya ji ƙafa ta tafi, ya yi ƙoƙarin durƙusawa ya faɗi ta gefe, ya kare kansa, maimakon ya miƙar da hannu ya tokare ƙasa da ƙarfi, domin ta haka ne wuyan hannu ke karyewa. Bayan faɗuwa kada kunya ta sa a zabura a miƙe. A ɗan dakata a ji jiki. In wuri ya kumbura, ko ƙafa ta kasa ɗaukar nauyi, ko an bugu a kai har ana jiri, amai ko ruɗewa, a kira lamba 112, wadda ita ce ta gaggawa a duk faɗin Turkiyya. Kada a daure a ce sai an dawo gida a je wurin maɗori. Kantin magani sunansa "eczane", asibiti "hastane", sashen gaggawa kuma "acil".

Yatsun da suka yi fari suka mutu saboda sanyi ba a murza su, ba a kuma kara su a wuta ko hita, domin fatar da ba ta ji tana ƙonewa mai ita bai sani ba. A sa su a ruwa mai ɗumi irin na wankan jariri. Wanda kuma ke karkarwa ba ƙaƙƙautawa, maganarsa ta fara harɗewa, a shigar da shi ɗaki a cire masa jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi, a kira taimako. Masu ciwon suga su riƙa duba ƙafafunsu kowane dare. Masu hawan jini da ciwon zuciya su hau tudu a hankali, domin sanyi yana tsuke hanyoyin jini. Masu asma su rufe hanci da baki da mayafi, masu sikila kuwa su sani sanyi na tayar da ciwon, su ga likita kafin su yanki tikiti.

Lissafin ɗan kasuwa

A ƙarshe maganar ta dawo kan jari. Baƙo a asibitin Turkiyya biya yake yi, don haka takardar inshorar da aka haɗa wajen neman biza ba ta ajiya a ƙasan jaka ba ce, a sa wanda ya iya ya karanta ya bayyana abin da ta ƙunsa da lambar da ake kira. Karaya guda tana iya cinye ribar tafiyar, ta hana kammala sari, ga shi kuma kamfanonin jirage da dama kan nemi takardar likita kafin su ɗauki wanda aka yi wa sabon ɗori. Wanda ya wuce kwanakin bizarsa kuwa tara ce ke jiransa, wani lokaci har da hana shi sake shiga ƙasar na wani wa'adi.

Saboda haka mai tafiya a watannin ɗari ya ƙara kwana biyu ko uku a kan lissafinsa, ya bar tazara tsakanin ranar dawowa da ranar ƙarewar biza, ya fara da sayen kayan da suka fi muhimmanci ya miƙa su kargo tun a kwanakin farko, ya kuma ware ɗan guzuri na zaman dole idan an rufe filin jirgi. Ranar komawa in ana dusa, ya fita da wuri ya bi jirgin ƙasa, domin filin jirgin na da nisan kimanin kilomita 40 daga tsakiyar gari, ta wajen Bahar Aswad inda dusar ta fi sauka.

Kuɗin but mai kyau, safar ulu da ƙarin kwana biyu a otel ba su kai kuɗin hoton ƙashi da ɗori a ƙasar waje ba, balle asarar kasuwar Sallah ɗungurungum. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa. Allah Ya kai fatake lafiya, Ya dawo da su da kayansu a kan kari.